Yadda Malam Ya Koma Cin Tuwo da Hannun Dama

Ranar sadakar bakwai ta Malam, Allah ya jiƙansa, ina zaune a ɗaki ina jiyo tsofaffin ɗalibansa a zaure suna gardama a kan yatsunsa biyu na hannun dama da suka lanƙwashe. Wani ya ce wani ƙaton Bature ne ya murɗe su don haushin an kayar da shi. Wani ya rantse a gaban dubban mutane aka yi. Na toshe baki da mayafi ina dariya, matan da ke kusa da ni suka ɗauka kuka nake, suka yi ta ba ni haƙuri. Babu ƙato, babu dubban mutane. Ni na yi jinyar, ni na san yadda aka yi. Tunda yanzu 'ya'yanmu sun cika makarantun waje suna shiga kowane irin wasa, gara in faɗa, ko wani ya tsira da wuyansa.

Mun je Landan ne a shekarun da kuɗin fetur ya fara zuba, lokacin da gwamnatin jiha ke tura malamai karatu kamar ana rabon goro. Sunan Malam Haruna, sunan da bakina bai taɓa kira ba sai yau da hannuna ya rubuta. An tura shi wata kwalejin horar da malamai ya koyo koyar da wasannin motsa jiki. Ni kuma ina amarya, aka haɗa ni da akwati. Ɗaki ɗaya muka kama a Peckham, a saman bene, da wata hita mai shan kananzir wadda ta sa har burodinmu warin kananzir yake yi.

Mahaifin Malam sarkin kokawa ne a ƙauyensu a ƙasar Gumel, shi kuma Malam tun tasowarsa bayansa bai san ƙasa ba. Abu biyu tsohon ya koya masa da ya fi ji da su. Kafin ka shiga fili, ka zauna shiru har sai ka daina jin makaɗi. In ka shiga, kada ka kalli idon abokin karawarka, don ido yana yaudara, ka kalli ƙugunsa, duk inda mutum za shi ƙugunsa ne ke fara tafiya. Da wannan ya shiga ƙungiyar kokawa ta kwalejin. Mai horar da su wani gajeren Bature ne, Mista Barnes, wanda kokawa ta dunƙule masa kunnuwa suka zama kamar ƙosai. Mutumin nan ya so Malam tun ranar farko, don a tsaye babu yaron da ya iya motsa shi.

Sai dai kokawarsu ba irin tamu ba ce. A gida, da gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an gama. Wanda ya yi kaye ya sake ka, kai ma ka saki jiki, ka tashi ka kakkaɓe wando. Su kuwa faɗuwa rabin aiki ce. Sai an bi mutum ƙasa an danne kafaɗunsa biyu a katifa. Wanda ke ƙasa dole ya ɗaure wuya, ya banƙare a kan kansa da dugadugansa, ya hana bayansa sauka. Malam yakan dawo gida yana ba ni labari yana dariya.

"Rabi, mutanen nan ba su da kunya. An ka da mutum, maimakon a bar shi da abin da ya dame shi, sai a bi shi a danne kamar za a yanka rago."

Mista Barnes ya sha gaya masa ya zauna ya koyi kokawar ƙasa. Malam ya ce ya gane, kuma lallai ya gane, har yakan zana mini a takarda. Amma wanda ba a kayarwa yaushe zai yi ta birgima a katifa? Baturen ya ce masa kansa ya sani, jikinsa ne bai sani ba.

Wata Asabar cikin hunturu suka kara da wata kwaleji, kuma ranar ce kaɗai na taɓa zuwa kallo. Abokin karawarsa wani siririn yaro ne mai jan gashi, wanda a ƙauyensu Malam ko riƙon riga ba za a ba shi ba. Yaron ya san ba zai iya da shi a tsaye ba, sai ya yi nutso ya cafki idon sawunsa. Gwiwar Malam ta taɓa katifa. Da idona na ga abin da ya biyo baya. Kafaɗunsa suka sauka, ya saki jiki gaba ɗaya, har ya fara murmushi irin na wanda zai ce wa yaro sannu da ƙoƙari. Shi a wurinsa wasa ya tashi. Yaron kuwa abin da aka koya masa ya yi, ya sarƙafo wuyan ya mirgina da shi da dukkan nauyinsa, kan Malam na ƙasa. Duka abin bai wuce ƙiftawar ido ba. Malam ya miƙe da ƙafarsa, ya ba yaron hannu, muka hau bas muka dawo gida.

Makon farko wuya ya sanƙare. In na kira shi sai ya juyo da jikinsa duka. Ya ce yana jin kamar kiyashi na tafiya daga kafaɗarsa zuwa yatsun dama. Da ƙyar na ja shi asibiti. Muka zauna a benci tun hantsi har la'asar, tsakanin wani da ya sha ya faɗi ya fasa goshi da wata yarinya da ta cusa dutsen ado a hanci. Da layi ya zo kanmu, wani matashin likita ne, idanunsa ja wur don gajiya. Ya tambayi Malam yaya ciwon. Kun san halinmu. Bahaushe ko ana shirin yi masa wankan gawa, in ka tambaye shi jiki zai ce da sauƙi, balle ɗan kokawa, ɗan sarkin kokawa. Malam ya gyara zama ya ce ai ya yi sauƙi sosai. Bai ambaci kiyashin ba. Ni kuma Turancina a lokacin bai wuce na sayen albasa a Rye Lane ba. Likita ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a huta, ko hoton ƙashi bai sa an ɗauka ba. Har yau ina jin haushin likitan nan. Mutum na zufa a tsakiyar hunturu, ai ko bai faɗa ba ka san akwai magana.

Mako na biyu masu shawara suka iso. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyar Malam, ya daɗe a Landan yana tuƙi, yana zaune a Barking. Ya zo ya latsa wuyan ya yanke hukunci.

"Targaɗe ne. Turawa ba su san targaɗe ba. A samo uwar tagwaye ta murza shi da muciya, gobe ya koma training."

Uwar tagwaye kuwa muna da ita a layinmu. Mma Adiza, 'yar zangon Kumasi, mai sayar da atamfa da busasshen kifi a flat ɗinta. Matar nan ita ta koya mini hawa bas, ita ta nuna mini inda ake samun naman yanka, ita nake kai wa kuka in kewar gida ta taso. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta zo da muciyarta a naɗe cikin zane.

"Rabi, ka kawo man shafawa. Ka riƙe kafaɗan shi. Yanzu yanzu zai warke, ɗiyana, ka bar kuka."

Ta shafa mai, ta yi bisimilla, ta murza muciyar a wuyan sama da ƙasa. Sannan ta kama haɓarsa da ƙeyarsa ta juya. Na ji ƙas. Malam bai yi ko tari ba. Ya ce ma ya ji daɗi, ya yi mata godiya. Na kawo masa shayi, ya karɓa da dama, sai kofin ya zame ya tarwatse a ƙasa. Kafin magariba hannun ya zama kamar tsumma, ƙafar dama kuma ya fara jan ta.

Allah ya sa washegari Mista Barnes ya biyo sawu, don ya ga kwanaki Malam bai je kwaleji ba. Yana ganin hannun fuskarsa ta canza. Ya kwantar da Malam a ƙasa, ya kama hannuwana ya ɗora su a gefen kansa biyu, ya nuna mini da alama kada in bari ya motsa ko kaɗan. Ya sauka da gudu zuwa akwatin waya na bakin titi. Motar asibiti ta zo, aka ɗaure Malam a kan allo aka sauko da shi benen nan, maƙwabta na leƙe.

Wannan karon babban likita muka samu, dattijo mai furfura. Ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ya daɗe yana kallo. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni da Kawu Sale da Mista Barnes, ya ce, "Who moved his neck?" Ko ni da ba na jin Turanci na gane tambaya yake wa ya taɓa wuyan nan. Kalmomin nan huɗu har gobe suna kunnena. Kawu Sale ne ya fassara mini sauran, murya ƙasa-ƙasa. Tun ranar kokawar wani ƙashi ya goce a wuyan, murɗawar da aka yi ta ƙarasa tura shi ya danne jijiya. Da ya ƙara matsawa kaɗan, Malam ba zai sake takawa ba. Ƙafa za ta dawo. Hannu kuwa, likita ya ce ba zai yi alkawari ba.

Aka aske masa gefen kai biyu, aka kafa wani ƙarfe mai kama da awartaki a ƙoƙon kansa, aka ɗaura igiya da nauyi yana reto a bayan gado don ya ja wuyan ya koma wurinsa. Haka ya kwanta makonni, rigingine, ba ya ganin komai sai silin. Mutumin da bayansa bai san ƙasa ba. Ranar farko da na gan shi haka sai da na fita baranda na yi kuka na ƙoshi, na wanke fuska, sannan na dawo ina yi masa tsiya cewa an rataye shi kamar ƙwarya.

Magani da gado kyauta ne, wannan kam na yaba musu. Wahalar tana wajen abinci da zirga-zirga. Bas biyu nake hawa, kuma ba a barin ka shiga sai lokacin ziyara, ko da minti ɗaya ka riga sai ka tsaya a sanyi. Abincinsu dafaffen dankali ne da naman da ba mu san wa ya yanka ba, don haka kullum nake tuƙa tuwon garin shinkafa in yi miyar kuka da 'yar daddawar da na zo da ita daga gida, in naɗe kwanon da tawul in rungume a bas. Shugabar nas-nas ɗin ɗakin ta ce warin daddawa na damun marasa lafiya. Wata nas 'yar Jamaika, Allah ya saka mata, ita ta riƙa ja mana labule tana buɗe taga, in shugabar ta taho sai ta yi tari.

A nan na gane abin da ke cin Malam. Ba kokawa ba ce, ba ma karatun ba ne. Hannun hagunsa lafiya lau, amma ya ƙi cin abinci da shi. Ni nake ba shi a baki, kuma duk lomar da na kai sai ya rufe ido. Wata rana ya kau da baki ya yi magana yana kallon silin.

"Rabi, in hannun nan bai dawo ba, da me zan gaisa da Baba? A ƙofar gidanmu maza goma ke zama a kwano ɗaya. In miƙa hagu? Ko in koma cikin gida wurin mata ki riƙa ba ni?"

Na ce masa ai zai dawo. Ban san ko zai dawo ba. Tsoro ne fal cikina, kuma ga ƙaramin ciki ina ɗauke da shi, ko ƙamshin miyar da nake ba shi tayar mini da zuciya yake yi.

Baƙi kuwa ba a magana. Shekarun nan duk wanda ya samu kwangila sai ya zo Landan sayayya. Su shigo ɗakin marasa lafiya da manyan riguna da ledojin kanti, turare ya cika wuri, kowa da tasa shawarar. Wannan ya ce a sa shi a jirgi a kai shi wurin mai ɗori. Wancan ya ce yaron mai jan gashi ba haka ya bar kansa ba, a bincika. Kawu Sale, da ya ga nauyin da ke reto, tausayi ya kama shi, ya kai hannu zai ɗan ɗaga shi wai yaro ya huta. Ban san lokacin da na riƙe hannun surukina ba. Na ce, "Kawu, don girman Allah, an taɓa sau ɗaya ya isa." Bai yi fushi ba, ya koma ya zauna.

Mma Adiza ce ba ta zo ba. Amma kullum na dawo daga asibiti sai in tarar da kwano a ƙofar ɗakina, wani lokaci wake da shinkafa, wani lokaci kunu, har da galan na kananzir, ga shi a lokacin kuɗin da gwamnati ke aiko mana ya makara. Ran nan na dawo da wuri na kama ta a matakala. Ta zauna a wurin ta fashe da kuka, tana cewa ita ta kashe hannun ɗan mutane. Gaskiya na yi kwanaki ina jin zafinta, amma da na ga tsohuwar nan a takure, sai zafin ya bi iska. Ai mu muka kira ta. Na ja ta har gaban gadon Malam a asibiti. Ya juyo da ido, don kai ba ya juyuwa.

"Mma, ina muciyar?"

"Na jefar da shi, ɗana."

"Kash. Ki ɗauko ta ki mayar tukunya, can ta fi iya aiki. Tuwon Rabi duk gudaji ne."

Ta yi dariya tana share hawaye. Shi ma yaron mai jan gashi ya zo da inabi a leda. Malam ya ce masa ba shi da laifi ko kaɗan. Ya ce, ni na bar wasan tun ba a tashi ba, jikina kawai ka tarar a katifar.

Da aka cire ƙarfen aka sa masa wata kwala mai tauri a wuya aka sallame mu. Ƙafa ta dawo kamar yadda likita ya ce. Hannu yana nan a kwance a cinya. Muka shiga zuwa wurin mai motsa gaɓoɓi, wata Ba'indiya mai haƙuri. Ta ce ya motsa yatsu. Malam ya cije baki, ya ɗaure kafaɗa, jijiyoyin goshinsa suka tashi, zufa ta karyo, yatsu ko gezau. Mako ya bi mako a haka. Daga baya ya daina gwadawa. Ya zauna gaban hita ya zuba mata ido, in na yi magana ya ce in ƙyale shi. Wannan lokacin ya fi na asibiti wuya, ban ɓoye muku ba.

Mista Barnes bai daina zuwa ba. Yakan cire takalmi ya zauna a tabarmarmu, ƙafafunsa sun ƙi naɗuwa. Ya sa Malam ya gwada a gabansa, ya kalli yadda yake kokawa da jikinsa duka, sai ya girgiza kai. Malam ne ya fassara mini abin da ya ce daga baya. Wai kana kallon hannun gaba ɗaya, kamar sabon shiga da ke kallon idon abokin karawa. Ina abin da ka ce mahaifinka ya koya maka? Nemi ƙugun. Ya sa yatsa ya taɓa gindin babban yatsan Malam, ya ce nan kaɗai.

Daga ranar, in ya idar da sallar asuba sai ya zauna yadda yake zama kafin ya shiga fili. Ya ɗora hannun a gwiwa, ya saki kafaɗa, ya yi ta numfashi a hankali har sai ya daina jin motocin titi, ya kafa ido a gindin yatsan nan. Ba ƙarfi, ba cije baki. Ni kuma aka kafa mini doka, ba motsin tukunya, ba jan takalmi. Mace da tsohon ciki a ɗaki ɗaya tana sanɗa kamar ɓarauniya! Na yi mita a zuci ba kaɗan ba. Wata safiya ina tsaye da buta na ga babban yatsan ya ɗan yi motsi, kamar ƙuda ya sauka a kai. Na buɗe baki zan yi guɗa, Malam ya ce, bai ko ɗago ba, "Rabi, kada ki kore shi."

Bayan babban yatsa sai manuni, shi ya ɗauki lokaci. Sai na tsakiya. Sauran biyun ya yi musu zaman asuba har bazara ta shigo, ba su amsa ba, a hankali suka lanƙwashe suka kwanta a tafin hannu. Dattijon likitan ya duba ya ce abin da zai dawo ya dawo.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kaɗan ne. In yaronka zai shiga wasan wasu, ya koyi inda wasansu ke ƙarewa, ya koya da jikinsa ba da kansa kawai ba. In wuya ya bugu, kada a murza, kada a ja, ko wace ce ta haifi tagwaye. In likita ya tambaya, a ajiye "da sauƙi" a ƙofa, a faɗi ciwo yadda yake.

Ranar Juma'ar da aka cire masa kwala, Malam ya ce in tuƙa tuwo da yawa. Ya kira Kawu Sale da Mista Barnes, Mma Adiza ta zo taya ni. Na ajiye wa mazan faranti ɗaya a tabarma, na ɗauko cokalin da nake ba shi da shi na tsaya a gefe. Sai na ga ya miƙa hannun dama a kwanon wanke hannu. Ya gutsuro tuwo da yatsu uku, hannun na rawa, ya dangwala miya. Ya kai rabin hanya lomar ta suɓuce ta faɗa bakin faranti. Na matso da cokali. Kawu Sale ya ce, "Haruna, bari a ba ka, ai ba baƙo a nan."

Malam bai dubi kowa ba. Ya ce, "Kawu, a garin nan in an taɓa ƙasa ba a tashi wasa ba tukuna."

Ya saki kafaɗa, ya ja numfashi, ya kafa wa lomar nan ido. Ya tattaro ta a hankali, ya ɗaga, miya na bin hannunsa har gwiwa, ya kai baki. Mma Adiza ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabcinmu buga bango. Ni dai na koma bayan ƙofa da cokalina ina kuka.

Bai sake kokawa ba. Ya gama karatunsa, muka dawo gida, ya gaisa da mahaifinsa da hannun dama, ya zauna cikin maza a ƙofar gida ya ci tuwo, ya koyar da yara har ya yi ritaya. Ban ƙara ba shi abinci a baki ba sai a makonsa na ƙarshe a duniya. Ko a nan, da na ɗebo kunu na nufi bakinsa, sai na ji yatsu uku sun kama hannuna. Tare muka kai cokalin.